Aikin sa kai na dattawa a Maradi: awon tamowa da bin maganin zazzaɓin damina

Wanda ya ajiye aikin gwamnati, ko ya sakar wa ƴaƴansa shago da gona, ko tsohuwar da surukai suka ɗauke wa girki, yana da wuraren da zai ba da lokacinsa a Maradi. Akwai kwamitin kula da makaranta da ake kira kojes, da ƙungiyar iyaye mata ta makarantar. Akwai kwamitin lafiya na kowace likita. Akwai ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar nan a 1991, kuma har gobe suna neman matan da aka yarda da su don riƙon akwati ko mabuɗi. A karkara akwai masu tsaron itatuwan sassaben zamani, irin na Ɗan Saga cikin Agye. Ga kuma makarantar magidanta da aka fara a jihar Damagaram, inda maza masu aure ke haɗuwa don jan hankalin ƴan'uwansu su bar mata zuwa awon ciki.

Wanda mu, wasu dattawan unguwa maza da mata, muka bi tun daga tushe shi ne aikin lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar: awon tamowa, da bin maganin rigakafin zazzaɓin damina. Abin da muka gane a cikinsa shi ne ba don ƙafa ake neman tsoho ba. Yawon gida-gida da cika takarda, samari sun fi mu. Amma gidan da kaka ta ce ba za a auna jikanta ba, ko maigida ya hana a kai yaro likita, yarinya ƴar shekara ashirin ba ta da ta cewa a can, ko da ta zo da riga mai tambari. Sai wanda ya girmi masu gidan ko ya zama tsaransu. Duk tsarin aikin dattijo a kan wannan ya kamata a gina shi.

Ba daga ofishin wata ƙungiya ake farawa ba. Mun soma da mai unguwa, shi ya haɗa mu da majo, wato shugaban CSI, likitar gwamnati da unguwarmu ke ƙarƙashinta. Dalilin bin wannan hanya shi ne, ƙungiya tana zuwa da shirinta na shekara biyu ko uku ta tafi, likita kuwa tana nan, kuma duk yaron da ka tura can zai je. Bayan haka mai unguwa ya tara mutane aka gabatar da mu a bainar jama'a. Kada a raina wannan taron. Wanda ya shiga gidaje ba a gabatar da shi ba, tambayar farko da zai sha ita ce wa ya aiko shi kuma nawa aka biya shi.

A wurin majo ne aka bambance mana matsayi. Akwai rele, wato ma'aikatan unguwa masu rajista, waɗanda ake so su iya karatu da rubutu saboda takardun da suke cikawa. A ƙauyukan da suka yi nisa da likita, fiye da kilomita 5, wasunsu har gwajin zazzaɓi suke yi su ba da magani. A cikin gari ba haka ba ne: aikin faɗakarwa ne da awo da turawa. Dattijon da bai yi boko ba bai rasa wuri ba, domin igiyar awo da launi take magana, kuma ana haɗa shi da matashi mai rubutu. Abubuwa uku muka tabbatar kafin mu tashi daga gaban majo: iyakar gidajen da ke hannun kowa, ranar da ake karɓar yara masu tamowa a likitar, da sunan ma'aikacin da za mu riƙa kai wa rahoto tare da lambar wayarsa.

Maganar kuɗi ma a ranar ake yin ta, ba a barin ta sai an yi nisa. Ba albashi. Lokacin kamfe ko horo akan ba da ɗan kuɗin zama ko na mota, wani lokaci ya zo a makare. Wanda ya shigo da lissafin wannan kuɗin a ransa, wata biyu ya ishe shi ya ja baya, ya bar gidajen da suka saba da shi ba kowa. Gara mutum ya faɗi tun farko cewa safiya biyu kawai yake da ita a sati, a ba shi gidaje daidai da haka.

Sai a duba lafiyar mai aikin kansa. An auna mana hawan jini, an tambayi masu ciwon sukari da masu ciwon gwiwa. Ido shi ne babba: lambobin igiyar awo ƙanana ne, rubutun kwalin magani ma haka, don haka mai buƙatar tabarau ya nemo shi kafin ranar horo.

Horon awo bai da tsawo, amma hannu ke koyonsa, ba kunne ba. Igiyar ƴar siririya ce ta roba mai launi uku, da ƴar kafa da ake zura bakinta, da taga mai kibiya inda ake karantawa. Yara daga wata 6 zuwa wata 59 ake aunawa. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 ba a yanke masa hukunci da ita: in ya rame ko ba ya kama nono, likita kai tsaye. Uwa ta zauna ta ɗora yaron a cinya, a tuɓe hannun riga gaba ɗaya. Hannun hagu aka koya mana. A lanƙwasa gwiwar hannun, a nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwar, sannan a sake hannun ya sauka ya saki jiki. A nan ake zagaya igiyar, a zura bakinta, a ja har ta kwanta a fata ko'ina.

In kibiya ta faɗa a ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Ruwan ɗorawa, daga 115 zuwa 124, matsakaiciya. Tsanwa, daga 125 zuwa sama, damtsen ya kai. Tazarar da ke tsakanin ja da tsanwa santimita ɗaya ce tak, shi ya sa ƙaramin kuskure ke sauya hukunci. Wanda ya matse igiyar har fata ta tattare zai mayar da lafiyayye mai tamowa, a tura uwa likita a dawo da ita, gobe ba za ta ƙara yarda ba. Wanda ya bar ta sako-sako, har yatsa na iya shiga, zai sallami yaron da ke bukatar magani, kuma wannan ya fi muni. Awo a kan riga, ko lokacin da yaro ke kuka yana ƙanƙame hannu, ko kusa da kafaɗa inda naman ya fi kauri, duk ƙara lamba suke yi. In yaro na fizge-fizge a bari uwa ta ba shi nono ya lafa. In awo ya faɗa kan iyakar launi biyu a sake, in ya sake faɗawa nan a ɗauki mafi munin.

Bayan damtse sai ƙafa. A dafa bayan ƙafafun yaron biyu da manyan yatsu lokaci ɗaya, a danna a hankali sakan uku, a ɗaga. In rami ya zauna a ƙafafun biyu, kumburin tamowa ne, kuma mai tsanani ne ko da igiya ta nuna tsanwa. Wannan shi ke ruɗin iyaye, don suna ganin yaro ya cika ya yi kumatu, ga shi ana ce musu yunwa ce a jikinsa. In ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura, wani ciwon ne daban, shi ma a tura. Sabbin masu aiki sun fi manta duban ƙafa fiye da komai, musamman in yaro na goye.

Ba mu tsaya ga auna yara da kanmu ba. A Mirya, cikin jihar Damagaram, an gwada koya wa uwaye awon da kansu, aka ga suna gano tamowa ba ƙasa da ma'aikatan unguwa ba. Saboda haka inda igiya ta wadata, muna barin ɗaya a gidan, mu koya wa uwa da kaka tare, su riƙa aunawa a kai a kai, musamman bayan zawo, ƙyanda ko zazzaɓi. A rataye ta a ƙusa cikin ɗaki. Wadda aka naɗe aka cusa a jaka tana karyewa, wadda rana ta dafa launinta na koɗewa har ruwan ɗorawa ya koma kamar fari.

Shiga gida shi ne wurin da shekaru ke aiki. Tsohuwa tana shiga har gidan kulle da sallama kawai. Dattijo namiji a zaure yake tsayawa, ko ya tari maigida a ƙofar masallaci bayan asuba ko la'asar, ko a majalisa. Don haka muka raba: mata ciki, maza waje, kuma gidan da ake tsammanin gardama namiji ya riga zuwa ya ga maigidan kwana ɗaya kafin mata su shiga. A cikin gida ba a wuce babbar mace. In akwai uwar miji, ita ake fara gaisarwa, a zauna, a tambayi gajiya da jikoki, a ce mata, "Yaya, jikokin naki muka zo dubawa, ke za ki riƙe mana su." In ta riƙe yaron da hannunta an gama rabin aiki. In aka tsallake ta aka nufi ɗakin amarya, duk abin da aka faɗa za a warware shi bayan an fita.

Sakamako kuma ba a shelarsa. Tamowa abin kunya ce a gidaje da yawa, don ana danganta ta da rurrutsa, wato samun ciki kan goyo, ko da gazawar maigida wajen ciyarwa. In igiya ta nuna ja a tsakar gida, gaban kishiyoyi, uwar za ta iya ɓoye yaron a zuwa na gaba. Mukan auna kowa, mu yi shiru, sannan a ja uwar gefe: "Ɗiyata, yaron nan yana son a gan shi a likita gobe da safe, ciwo ne mai magani, kuma ba laifinki ba ne." Maigida kuma namiji ɗan'uwansa ya gaya masa shi kaɗai.

Turawa tana da matakai. Ja ko kumburi, a ba uwa takardar turawa ta tafi CSI da karnen yaron, wato katinsa na likita. Can za a sake awo, a ɗora shi a sikeli, a auna tsawo, a gwada ko yana cin abinci. In yana ci kuma ba wani ciwo mai nauyi, sai a sa shi a CRENAS: yana gida, ana ba uwa Plumpy'Nut, abincin maganin tamowa, na sati, tana dawowa awo. In ba ya ci, ko kumburin ya hau jiki har fuska, ko akwai wani ciwo a kai, sai CRENI, a kwantar da shi a asibiti. Akwai alamun da ba a jiran ranar awo ko wayewar gari: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amai da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Tun 2006 doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a likitocin gwamnati, kuma yana da kyau a faɗa wa maigida haka, amma kada a yi masa alkawarin ba zai kashe ko dala ba. Akwai kuɗin kabu-kabu, akwai abincin mai jinya, wani lokaci magani ya yanke a rubuta a saya. Mu mun yi ɗan asusu a tsakaninmu, dala 20 kowane sati, wato sefa 100, don kuɗin kai yaro cikin dare. Kuma kafin a tura uwa mukan buga waya mu ji ko kayan sun iso, domin in ta bar aikinta ta je ta dawo hannu wofi, wanda ya tura ta za ta riƙe a zuci.

Plumpy'Nut ɗin kansa yana bukatar bi. Ƙulli ɗaya giram 92 ne, gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadarai, kuma an ƙidaya wa yaron adadinsa bisa nauyinsa. Ba a dama shi a kunu, ba a zuba masa ruwa. A wanke hannu, a yaga gefe, yaro ya tsotsa kaɗan-kaɗan, ana ba shi ruwa mai tsabta yana sha don yana sa ƙishi. Mai shan nono a fara ba shi nono. Matsalar da muka fi gani ita ce rabo: gida mai yara shida, ɗaya na cin abu mai zaƙi sauran na kallo, uwa ba ta iya hanawa. Wata kuma takan sayar da ƙulli biyu ta sayi gero. Ba mugunta ba ce, amma sakamakon shi ne yaro ya yi wata biyu nauyinsa bai motsa ba. Abin da ya fi aiki shi ne a sa kaka ta zama mai ajiya, ta kira shi magani a gaban sauran yaran, ta ba mai shi a ɗakinta. A ajiye ledojin da aka shanye, don akan nemi ganinsu ranar awo.

Sai masu fashin awo. Da ruwa ya sauka aka shiga shuka da noma, uwaye kan daina zuwa awo, wasu kuma da zarar yaro ya ɗan murmure sai su ce ya warke. Ba a sallama sai damtse ya kai 125 kuma kumburi ya ɓace aƙalla sati biyu, likita ce ke faɗa. Duk ranar awo da yamma ɗayanmu kan karɓo sunayen waɗanda ba su zo ba, washegari a bi su. Wannan aikin ba ya son gaggawa ko faɗa, zama yake so da tambayar abin da ya hana. Sau da yawa amsar ita ce ba mai riƙe sauran yara, ko maigida ya yi tafiya bai bar izini ba, kuma duka biyun dattijo na iya warwarewa.

Maganar abinci a gida, kakanni ne masu hukunci, don haka da su muke yi. Dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko na jariri, a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Har wata 6 nono zalla, ba ruwa, ba bauri, ko a zafin watan Afrilu: uwar ce za ta ƙara shan ruwa ta ƙara ba da nono. Daga wata 6 a fara kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, sau biyu zuwa uku a yini, daga wata 9 sau uku zuwa huɗu. Kunun gero tsararo cika ciki kawai yake yi. Garin da muke nunawa a gidaje awo uku ne na gero, awo ɗaya na wake da aka soya sama-sama aka cire ɓawo, da rabin awo na gyaɗa soyayya, a niƙa tare. In an dama a ɗiga ɗan man gyaɗa, a barbaɗa garin zogale da aka shanya a inuwa. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar. Kada a niƙa tiya guda a ajiye, garin mai gyaɗa yana saurin yin ɗaci, na sati ɗaya ya isa. Yaron kuma a zuba masa a ƙwaryarsa shi kaɗai, don in an haɗa shi da yayye ba ya samun komai.

Yaye shi ne inda muka fi daɗewa muna magana. Al'adar ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka, musamman in an gane uwar na da ciki, ita ke jefa yara da yawa cikin ja: ya rasa nono, ya rasa uwa, ya ƙi cin abinci, zawo ya biyo. Nonon mai ciki ba guba ba ne, tana iya ci gaba da shayarwa. In za a yaye, a yi shi sannu a hankali bayan yaro ya saba da abinci. Ma'aikaciyar likita in ta faɗi wannan sai a ce boko ne. Tsohuwar da ta yaye nata ta yaye jikoki, in ta faɗa, ta kuma kawo ayar Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, ana saurare. Haka batun zawon da ake ɗora wa haƙori a ƙi kai yaro likita, da cire beli wurin wanzami ga yaron da ya riga ya rame. A nan ba a zagin wanzami, maƙwabci ne, wani lokaci ma shi ake fara jawowa cikin aikin. Ga zawo, ƙullin SRO ɗaya, wato garin gishiri da sukari na likita, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya.

Da damina aikin ke ninkuwa, don lokacin ne rumbu ya yi ƙasa kuma sauro ya yi yawa. Maganin rigakafin zazzaɓin damina, wanda ma'aikata ke kira CPS, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka fara shi a Nijar a 2013, Madarumfa da Gidan Rumji na cikin wuraren farko. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, zagaye-zagaye, yawanci sau huɗu daga Yuli zuwa Oktoba, kwana 28 tsakani. Kwali iri biyu ne, na ƴan wata 3 zuwa 11 da na ƴan wata 12 zuwa 59. Kowane kati na ɗauke da ƙwaya huɗu. Ranar farko masu rabo ke ba da biyu da hannunsu, SP ɗaya da amodiyakin ɗaya. Sauran biyun amodiyakin ne, uwa ke ba da ɗaya rana ta biyu, ɗaya rana ta uku.

Masu rabo matasa ne, suna da gidaje da yawa a gabansu, ba sa dawowa. Rana ta biyu da ta uku su ne namu. Nan maganin ke lalacewa: uwa ta manta, ko ta ajiye ƙwayoyin sai ran da yaro ya yi zazzaɓi, ko ta ba wa ɗan shekara bakwai da ba ya cikin lissafi, ko ta haɗa biyun rana ɗaya don ta huta. Wanda bai cika kwana uku ba kariyarsa ba ta kai zagaye na gaba. Saboda haka mukan zaga da safe, ba tambaya muke ba, katin muke cewa a nuna mana. In ƙwayar na ciki, a ba da ita muna zaune.

Yadda ake bayarwa: yaro ya ɗan ci wani abu tukuna, a narka ƙwayar a ruwa kaɗan cikin cokali ko ƙaramin kofi, yana zaune a cinya, a ba shi a hankali, a ɗauraye kofin da ɗan ruwa ya shanye. Ba a ɗure. Kwantar da yaro a toshe masa hanci yana iya tura maganin cikin huhu, kuma kakanni ne suka fi yin haka, don haka mu ne ya kamata mu hana. Ranar farko a jira minti 30: in ya amayar da shi duka a cikin wannan lokacin, masu rabo su sake ba shi sau ɗaya. Ba a ba yaron da ke da zazzaɓi ko rashin lafiya a ranar, shi gwaji yake bukata a likita. Ba a ba wanda ke shan kotirimokzazol, wanda aka fi sani da Bactrim, ko wanda ya sha SP ko amodiyakin cikin sati huɗu da suka wuce, ko wanda ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan shan irinsu. Ɗan amai ko laushin jiki na yini ɗaya yana faruwa, a gaya wa uwa tun kafin ta gani, don in ba a faɗa ba labari zai zaga unguwa cewa maganin na sa ciwo. Ƙuraje masu yawa, ko ido ya yi ruwan ɗorawa, a tsayar da maganin a tafi likita. Kuma a maimaita a kowane gida cewa maganin bai ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba.

Shekarun yaro kan kawo gardama, don ba kowa ke da takardar haihuwa ba. A fara da karne. In babu, a bi da abin da kowa ya sani: kafin azumi aka haife shi ko bayan sallar layya, ana shuka ko ana girbi, shi da ɗan wane wa ya girma. A nan ma tsofaffi sun fi kowa, sun halarci sunan yawancin yaran.

Rubutu a kaye ɗaya ake yi, a gidan, ba da dare daga ka ba. Sunan yaro, sunan maigida, watanninsa, launin da ya fito, akwai kumburi ko babu, an tura ko ba a tura ba, ya je ko bai je ba. Wannan na ƙarshen shi ake yawan bari fanko, alhali shi ne ke nuna ko aikin ya yi amfani. A gidan da yara biyu ke da suna ɗaya a ƙara sunan uwa, in ba haka ba a ƙidaya ɗaya sau biyu a bar ɗaya. Kayen sirrin mutane ne, ba a barin shi a zaure ko a majalisa. Ƙarshen wata matashin ya tattara adadi, a kai wa ma'aikacin da aka haɗa mu da shi.

Jiki kuma a ba shi haƙƙinsa. Fita daga bayan karin kumallo zuwa ƙarfe 11, sai kuma bayan la'asar. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, da kuma cikin azumi, safiya kaɗai. Gida goma zuwa goma sha biyar a fita ɗaya ya isa, don zaman da ake yi a kowane gida shi ne aikin. A riƙe gorar ruwa da sabulu, a wanke hannu tsakanin yaro da yaro, mai tari ko mura ya zauna gida ranar. In an yi ruwa mai yawa lunguna sun cika, a bari su janye. Waɗanda ke ƙauyukan kan iyaka, inda tsaro ke da wuya, su tsaya cikin garinsu, masu rabo su zo su same su.

Bayan zagayen Oktoba mukan zauna da majo da mai unguwa a duba kaye: yara nawa aka tura, nawa suka je, waɗanne gidaje suka ƙi da dalilinsu. A nan ake karɓar sababbin igiyoyi a madadin waɗanda suka koɗe, a sake raba gidajen wanda ciwo ko tafiya ta hana shi ci gaba. Mai barin aiki ya zaga da magajinsa gida-gida ya gabatar da shi ga kakanni da masu gida kafin ya miƙa kaye. Da rani awon damtse na ci gaba sau ɗaya a wata, tare da bin yaran da ba su cika allurar rigakafi ba, musamman ta ƙyanda da ake yi a wata 9.